Yadda Za Ka Saurari Waƙoƙin Bege na Gilam-Metal Har Ka Gane Daɗinsu

Na fara jin irin wannan waƙa ne a Agege, a bakin garejin wani makaniki da ke kusa da ɗakin da muke haya ni da yayana, shekaru masu yawa da suka wuce. Da yamma, idan aiki ya lafa, yakan kunna kaset ɗinsa, kuma a cikin waƙoƙin akwai wata da take farawa da fiyano a hankali, kamar makaɗin yana gudun kada ya tashi mai barci, sannan can sai ganguna da jita su faɗo mata gaba ɗaya kamar ruwan watan Yuni a kan rufin kwano. Ban san sunanta ba a lokacin, ban kuma fahimci kalma ko ɗaya daga cikinta ba, amma duk ranar da aka sa ta nakan tsaya da abin da nake yi. Wata rana yayana ya lura, ya ce da ni, "Kai ƙanena, me kake ji a cikin wannan hayaniya ta Turawa?" Na ce, "Yaya, mutumin nan gida yake son komawa." Sai bayan shekaru na gano cewa waƙar ita ce "Home Sweet Home" ta ƙungiyar Mötley Crüe, wadda ta fito a 1985, kuma abin da take faɗa ke nan: kewar gida a bakin mutumin da tafiya ta yi wa tsawo.

Wannan bayani na rubuta shi ne domin ɗan'uwan da ya taɓa cin karo da irin waɗannan waƙoƙi a rediyo ko a YouTube, wani abu a cikinsu ya ja shi, amma bai san ta inda zai kama su ba. Da kuma wanda ya ga hoton mawaƙan da dogon gashi da kwalli ya kawar da kai tun kafin ya ji sauti. Sauraronsu yana da hanya, kuma wanda ya bi ta zai sami abin da mai wucewa da sauri ba zai samu ba.

Ka fara sanin abin da ake magana a kansa

Gilam-metal reshe ne na kiɗan rok mai nauyi, wanda ya bunƙasa a Amurka cikin shekarun 1980, cibiyarsa kuwa wani yanki ne na titi a gundumar Los Anjelis da ake kira Sunset Strip, inda gidajen kiɗa irin su Whisky a Go Go da Roxy da Gazzarri's suke a lokacin. Samarin da suka taru a can sun haɗa ƙarajin jitar lantarki da amshi mai sauƙin kamawa, suka ƙara da ado mai ɗaukar ido, wato gashin da aka tayar da man feshi, da hoda da kwalli da tufafi masu ƙyalli, kuma daga wannan adon ne sunan ya samo asali. Tashar talabijin ta MTV, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 1981, ita ce ta kai su ɗakunan mutane, domin a wancan lokaci tasha ce da ke nuna bidiyon waƙoƙi dare da rana, su kuwa mutane ne da aka yi domin a kalla.

Yawancin waƙoƙinsu na sauri ne, na shagali da fankama. Amma kusan kowane kundi yakan ƙunshi waƙa ɗaya ko biyu da ake sassauta gudu a cikinsu, a ajiye fankamar, mawaƙin ya yi maganar rabuwa ko nadama ko kewa. Turawa suna kiran irin wannan waƙa fawa-balad, ma'ana waƙar taushi mai ƙarfi, ni kuwa a nan zan riƙa ce mata waƙar bege, domin bege shi ne ainihin abin da ke cikinta. Kamfanonin faifai sun gano da wuri cewa wannan waƙar ce take shiga gidajen rediyon da ba sa sa kiɗa mai nauyi, ita ce kuma take jawo mata da manya waɗanda ba za su je gidan rawa ba, saboda haka ya zama al'ada a fara sakin waƙa mai zafi, sannan a biyo ta da ta bege. Lissafin ya biya su. Poison ba su taɓa hawa matsayi na ɗaya a babban jadawalin Billboard na Amurka ba sai da "Every Rose Has Its Thorn" a Disambar 1988, haka ma Def Leppard, duk da yawan waƙoƙinsu da suka yi fice, "Love Bites" ce kaɗai ta kai su can, a wannan shekarar dai.

Kada ka ɗauka wannan sauti baƙo ne ga garin da muke zaune. Tun a farkon shekarun 1970 Legas tana da nata 'yan jitar lantarki, irin su ƙungiyar BLO da kuma Ofege, waɗanda ɗalibai ne a kwalejin St. Gregory da ke Obalende lokacin da suka fara. Kunnen garin nan ya daɗe da sanin kukan jita.

Ka gyara wuri, ka kuma bar ji ya riga gani

Babban abin da ke hana mutum gane waƙar bege a Legas shi ne ƙara. Rabin kyawunta yana cikin sashenta na farko, inda ake kiɗa ƙasa-ƙasa, kuma wannan sashe shi ne farkon abin da janareton maƙwabci da hon ɗin danfo suke cinyewa. Wanda ya kunna ta a lasifikar waya a tsakiyar kasuwar Mile 12 ba zai ji komai ba sai ihun amshi, ya tafi yana cewa ai duk hayaniya ce. Saboda haka ka nemi iyafis mai kyau, wanda yake fitar da kaurin sauti a kunnuwa biyu. Ba sai mai tsada ba, a Computer Village ta Ikeja za ka samu daidai aljihunka, amma ka gwada shi kafin ka biya, ka tabbatar ɓangaren hagu da na dama duka suna aiki, domin masu haɗa waɗannan waƙoƙi sukan ajiye jita ɗaya a kunnen hagu wata a na dama. Ka sauke waƙoƙin a wayarka tun da wuri don kada yankewar intanet ta datse maka waƙa a tsakiya. Sannan ka daidaita ƙarar tun daga farko ka bar ta a nan. Mutane da yawa sukan ƙara sauti a farkon waƙa saboda ya yi ƙasa, sai amshi ya zo ya buge musu kunne su rage, ta haka sun rushe tazarar da aka gina waƙar a kanta da gangan, sun kuma cutar da kunnensu a banza.

Lokacin da ya fi dacewa, a ganina, shi ne bayan sallar isha'i, idan an rufe shago an ci abinci, ko kuma cikin dogon gosulo a kan gadar Third Mainland idan kana fasinja kusa da taga, ruwa na gefenka. Direba da mai tafiya a ƙasa a bakin titi kada su toshe kunne. Idan kuma za ka sa a lasifika a gidan haya, ka tuna da haƙƙin maƙwabta da lokutan salla.

Hausawa suna cewa gani ya kori ji, to a wannan fage ina roƙonka ka juya maganar. Ka saurari kowace waƙa aƙalla sau uku kafin ka nemi bidiyonta. Shigar mawaƙan ta saɓa wa tarbiyyarmu ƙwarai, wasu bidiyoyin kuma suna ɗauke da abin da bai dace mutum ya kalla ba, balle a gaban iyali, kuma babu abin da za ka rasa na daga kiɗan idan ka bar su gaba ɗaya. Idan ido ya riga kunne, hukunci ya riga ya faɗi kafin a saurari shaida.

Ka koyi bin ginin waƙar

A nan ne aikin yake, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Kusan dukkan waƙoƙin bege na wannan zamani an gina su ne bisa tsari ɗaya, kuma da zarar ka san tsarin, za ka daina jin su a dunƙule, ka fara jin abin da kowane makaɗi yake yi da kuma dalilinsa.

Waƙar takan buɗe da kayan kiɗa guda ɗaya tak, ko fiyano ko jitar katako marar lantarki. A "Home Sweet Home" mai gangar ƙungiyar ne da kansa, Tommy Lee, yake kaɗa fiyanon. Murya takan shigo a kan wannan shimfiɗa ba tare da wani abin da zai rufa mata asiri ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: mawaƙin da ya saba ɓuya a bayan ƙarajin jita, a nan ake jin numfashinsa da rawar muryarsa da inda take tsagewa. Ka kasa kunne ga wannan baiti na farko kamar yadda za ka saurari mutumin da ya rage murya zai gaya maka damuwarsa. Gudun kiɗan ba ya wuce bugun zuciyar mutumin da ke zaune da yawa, saboda haka kada ka ƙosa.

Abu na biyu shi ne shigowar ganga. Ka riƙa ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu tare da kiɗan, za ka ji ƙaramar ganga mai kaifin sauti tana faɗowa a kan biyu da huɗu, kuma a faya-fayan wancan zamani an ƙara mata amsa-kuwwa a situdiyo, har bugu ɗaya yakan yi kamar an rufe ƙofar ƙarfe a cikin babban sito. Abin lura shi ne lokacin da aka zaɓa ta shigo. Wasu sukan shigo da ita a amshi na farko, wasu sukan riƙe ta sai baiti na biyu, kuma yawan jinkirin shi ne yawan nauyin da take faɗowa da shi. A sauraro na biyu ka gwada yin hasashen daƙiƙar da za ta shigo. Idan ka fara dacewa, to kunnenka ya fara kama hanya.

Na uku amshi. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, domin wanda ya tashi da waƙoƙin Mamman Shata ya san yadda jagora yake jefa magana 'yan amshi su karɓe, ya san kuma cewa amshin ne yake zama a bakin mutane bayan an tashi daga taro. Bambancin a nan shi ne sau da yawa muryoyin da kake ji a amshi na mutum uku ne ko huɗu kawai, aka ɗauke su sau da dama aka jera a kan juna har suka zama kamar taron jama'a. Wanda ya fi kowa gwanancewa a wannan aiki shi ne furodusa Mutt Lange, haifaffen ƙasar da a yau ake kira Zambiya, wanda ya yi wa Def Leppard kundin Hysteria na 1987. Ka saurari amshin "Love Bites" da iyafis ka ji yadda muryoyin suke tashi kamar bango ta kowane ɓangare. A ƙarƙashin amshin kuma jitar lantarki tana shigowa da sautinta mai gurzawa, wanda ake samu ta hanyar tura wa amfilifaya ƙarfin da ya fi wanda za ta iya fitarwa a tsabtace. Makaɗin yakan danna tsirkiya biyu ko uku kawai ya bar su suna ruri har ƙarshen layi. Haɗuwar wannan ruri da taushin kalmomin ita ce ta bambanta waƙar bege ta gilam-metal da sauran waƙoƙin soyayya na Turawa.

Na huɗu, wanda ni a wurina shi ne zuciyar al'amarin, kukan jita ne, abin da makaɗa suke kira solo. Yakan zo bayan amshi na biyu, lokacin da mawaƙin ya gama faɗin abin da baki zai iya faɗa, sai ya ja da baya ya bar wa jita fili. Makaɗin yakan tura tsirkiya sama da yatsa har sautin ya miƙe ya kai wani mataki, sannan ya girgiza yatsan a riƙa jin sautin yana rawa kamar muryar mai shirin kuka. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ko mai kukuma ya ji yadda tsirkiya take kwaikwayon muryar mutum, ya riga ya san wannan yare. Ga yadda za ka auna ingancinsa: bayan waƙar ta ƙare, ka gwada rera solon da bakinka. Idan ya reru, makaɗin ya yi magana. Idan kuwa ba ka tuna komai ba sai gudun yatsu, to gwaninta kawai ya nuna maka, kuma gwaninta ba ta da wuyar samu a wancan zamani. Ka gwada wannan awo a kan abin da Vito Bratta ya kaɗa a "When the Children Cry" ta White Lion, gajere ne, babu gaggawa a cikinsa, kuma yana zama a kai kwana da kwanaki.

Daga nan sai amshi na ƙarshe, wanda wani lokaci akan ɗaga shi mataki ɗaya sama don a ƙara masa zafi, sannan sau da yawa komai ya janye a koma ga fiyano ko jitar da aka fara da ita. A manyan filayen wasa na wancan lokaci, a irin wannan waƙa ce dubban mutane sukan kunna laita su ɗaga sama cikin duhu.

Ta inda za ka fara, da abin da zai biyo baya

Shawarata ita ce ka fara da "Every Rose Has Its Thorn", domin ita ce mafi sauƙin gini, jitar katako ce da murya a mafi yawanta, har tana da ƙamshin kiɗan karkarar Amurka. Mawaƙin Poison, Bret Michaels, ya sha ba da labarin cewa ya rubuta ta ne a wani gidan wanki mai injuna a birnin Dallas, bayan ya buga wa budurwarsa waya cikin dare ya ji muryar wani namiji a kusa da ita. Ma'anar sunan ita ce kowane fure da ƙayarsa, abin da mu muke cewa zuma da zaƙi da harbi. Daga ita ka wuce zuwa "Home Sweet Home", wadda nake ganin babu ɗan Arewa mai neman abinci a Idi-Araba ko Apapa ko Alaba Rago, wanda yake ƙirga watannin da suka rage kafin ya je gida salla, da zai ji ta a fassara masa ita bai yi shiru ba.

Idan waɗannan biyun sun zauna, ka nemi "Don't Know What You Got (Till It's Gone)" ta ƙungiyar Cinderella, daga kundin Long Cold Winter na 1988. A nan zan bayyana son raina: ita ce na fi so a cikinsu duka. Muryar Tom Keifer tana da tsatsa, tana farawa a ƙasa cikin natsuwa sannan ta haura ta koma kamar ana yaga ƙyalle, kuma maganar da take ɗauke da ita tsohuwa ce a kowane harshe, wato ba a sanin darajar abu sai ya kuɓuce. Bayan 'yan shekaru shi kansa Keifer ya gamu da ciwon maƙogwaro da ya kusa raba shi da waƙa, aka yi masa tiyata fiye da sau ɗaya, ya sake koyon rerawa daga tushe. Tun da na san wannan, nakan ji waƙar da wani kunne dabam.

Sai kuma ɓangaren Ingila da sauran Turai. "Is This Love" ta Whitesnake, ta 1987, ta fi sauran santsi da natsuwa, kuma David Coverdale ya ce da farko domin Tina Turner aka rubuta ta. "Carrie" ta ƙungiyar Europe daga Suwidin fiyano ne ya fi yawa a cikinta. Game da Def Leppard kuwa, 'yan birnin Sheffield, akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka saurari gangar "Love Bites": mai gangarsu Rick Allen ya rasa hannunsa na hagu a haɗarin mota ranar 31 ga Disamba 1984, abokansa ba su nemi wani ya maye gurbinsa ba, aka haɗa masa ganguna na lantarki masu matakai a ƙasa, ya koyi yi da ƙafar hagu abin da hannun yake yi a da.

Kada ka tsaya a kan soyayya kaɗai, domin wasu daga cikin mafi nauyin waɗannan waƙoƙi ba su shafe ta ba. "When the Children Cry" magana ce a kan yaƙi da duniyar da manya suke bar wa yara. "18 and Life" ta Skid Row, ta 1989, labarin matashi ne da ya tashi a titi, ya harbe abokinsa da bindiga, aka yanke masa ɗaurin rai da rai yana ɗan shekara 18. Muryar Sebastian Bach a ƙarshenta tana da ban tsoro. "Something to Believe In" ta Poison, ta 1990, ta taɓo tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Biyetnam da kuma mutuwar wani makusancin mawaƙin. "Heaven" ta Warrant da "I Remember You" ta Skid Row da "I'll Be There for You" ta Bon Jovi duk za su zo maka da kansu da zarar ka shiga hanya.

Batun harshe kada ya tsayar da kai. Iyayenmu da yayyenmu sun yi shekaru suna hawaye a kan waƙoƙin Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi ba tare da sun iya Indiyanci ba, domin murya tana isar da saƙo kafin kalma ta iso. Ka saurara sau biyu ko uku haka nan, ka yi hasashen abin da ake faɗa, sannan ka nemi rubutattun kalmomin ka karanta a hankali, ko ka sa wanda ya fi ka Turanci ya warware maka. Turancin waɗannan waƙoƙi mai sauƙi ne, kuma za ka yi mamakin yawan lokutan da hasashenka zai dace.

Ka san aibinsu, ka kuma iya tsame tsaki daga tsakuwa

Mai son abu ya wajaba ya faɗi gaskiya a kansa. Rayuwar da yawancin mutanen nan suka yi ba abin koyi ba ce, giya da ƙwaya sun yi musu mummunar ɓarna. A Disambar 1984 mawaƙin Mötley Crüe, Vince Neil, ya yi haɗari yana tuƙi a buge, abokinsa Razzle mai gangar ƙungiyar Hanoi Rocks ya mutu a sanadin haka, kuma kundin da "Home Sweet Home" take ciki shi aka sadaukar wa. Jani Lane, wanda ya rubuta "Heaven" ya kuma rera ta, ya rasu a 2011 yana da shekara 47 bayan doguwar fama da shaye-shaye. Ina faɗin wannan ne musamman saboda ƙannenmu masu tasowa, don su ɗauki kiɗan su bar halin. Ina kuma ganin sanin hakan yana bayyana dalilin da ya sa waƙar bege take fita dabam a cikin kundinsu, domin ita ce wurin da mutumin da ya shafe dare yana nuna wa duniya cewa babu abin da ya dame shi yake amsa cewa ya yi asara, ya yi kuskure, yana son komawa gida. A al'adarmu ma namiji ba ya yawan faɗin irin wannan a fili, shi ya sa idan aka ji ta daga bakin wanda ba a zata ba take ratsa jiki.

Aibi na biyu na sana'a ne. Da kamfanoni suka ga ribar da ke ciki, sai kowace sabuwar ƙungiya aka ɗora mata dole ta kawo tata, har zuwa 1990 kasuwa ta cika da waƙoƙin da aka ɗinka bisa awo ɗaya babu rai a cikinsu. Za ka gane irin waɗannan ta hanyoyi biyu. Ka duba ko akwai wani abu takamaimai a cikin kalmomin, wuri ko lokaci ko wani ƙaramin abin da ya faru, domin wanda abu ya sama yakan tuna ƙananan bayanai, mai cika umarnin kamfani kuwa sai ya tara kalmomin zuciya da hawaye da har abada. Sannan ka tambayi kanka ko waƙar za ta tsaya da ƙafarta idan aka cire ganguna da lantarki aka bar murya da jita ɗaya. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya isa shaida cewa waƙar kirki ba ta bukatar taro. "More Than Words" ta Extreme, wadda ta kai matsayi na ɗaya a Amurka a 1991, muryoyi biyu ne da jitar katako kawai.

A watan Satumba na 1991 ƙungiyar Nirvana, mai wani salon rok na dabam marar ado, ta saki kundin Nevermind, zuwa Janairun 1992 ya ture kundin Dangerous na Michael Jackson daga saman jadawali, kuma idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Cikin ɗan lokaci gidajen rediyo da MTV suka juya wa masu dogon gashi da kwalli baya, ko da yake "To Be with You" ta Mr. Big ta samu hawa matsayi na ɗaya a farkon 1992. Saboda haka idan kana bincike, tsakanin 1984 da 1992 za ka fi samun abin da kake nema.

Akwai waƙa ɗaya da nake so ka ajiye sai ƙarshe, bayan kunnenka ya saba da sauran, ita ce "November Rain" ta Guns N' Roses, daga kundin Use Your Illusion I na 1991. Masana suna gardama a kan ko ƙungiyar tana cikin gilam-metal, amma daga titin Sunset Strip ta fito, kuma waƙar ta ɗauki duk ginin da na bayyana ta faɗaɗa shi har kusan minti tara, da fiyanon Axl Rose da jitar Slash. Ka jira daminar Legas, daren da ruwa ya tsare kowa a ɗaki, ka sa iyafis ka kunna ta daga farko ba tare da tsallake ko daƙiƙa ɗaya ba. Wajen minti na bakwai kiɗan zai lafa kamar an gama, har hannunka ya kai ga waya. Kada ka taɓa ta a nan, domin fiyanon zai dawo da wani sauti mai duhu, gangar ta biyo shi, sannan jitar ta shigo da kuka na ƙarshe wanda ya fi duk na baya tsawo da ɗaci.